Tambaya da Amsa: Wace sandar fatsa ta hannu biyu zan fara saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Na ɗan jima ina kamun kifi da ƙwaron gashi, wato ƙugiyar nan da ake ɗaure wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Sandata ta hannu ɗaya ce, ƙafa 9, lamba 5, kuma a ƙananan rafuka tana biya mini buƙata. To yanzu na samu damar zuwa wani babban kogi da kifin salmon ke hawa. Faɗinsa ya kai mita 30 a wasu wurare, ga itatuwa sun cika gaɓa, babu inda zan wurga igiya ta baya ba ta maƙale ba. Na ga masu sandar hannu biyu suna jifa har tsakiyar ruwa ba tare da wani yunƙuri ba, abin ya ba ni sha'awa. Da na tashi saye sai kaina ya ɗaure. Wani abokina ya ce in nemi gajeriyar nan ta ƙafa 11 da ake kira suwic, wai ita ce mai sauƙi ga ɗan koyo tunda ana iya jifa da ita da hannu ɗaya ko biyu. Wani mai sayar da kayan fatsa kuma ya nuna mini mai ƙafa 15, lamba 10, ya ce in ba ita ba kada in ɓata kuɗina. Wace zan saya? Na gode.

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ba ka amsar tun daga fari, sai dalilai su biyo baya. Kada ka sayi ko ɗaya cikin biyun da aka nuna maka. Ka nemi sanda mai tsawon ƙafa 13 ko 13 da rabi, lamba 8, wadda take lanƙwasa har zuwa tsakiyarta idan ana jifa. Sannan kafin ka biya kuɗinta, ka tabbata ka san igiyar da za ta hau kanta, don a nan ne yawancin 'yan koyo suke yin tuntuɓe, su koma suna zargin sanda.

Matsalar da ka faɗa, ta itatuwa a bayanka, ita ce ainihin abin da ya haifar da wannan salon jifa. A kogin Spey da ke Sikotlan aka fara shi a ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake cewa jifan Spey, ake kuma kiran dogayen sandunan da sunan kogin. Ruwa ne mai gudu da faɗi, gaɓarsa kuma ba ta ba mutum filin da zai miƙe igiya ta baya. Masuntan wancan lokaci da sandunan katako suke aiki, mafi yawa na wani ice mai nauyi da ake kawowa daga Guyana, tsawonsu ƙafa 16, 18, har fiye. A 1895 wani mutumin Inverness mai suna Alexander Grant ya yi jifan yadi 65 a kogin Ness da sanda mai ƙafa 21. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa tsawo ba sabon yayi ba ne a wannan fanni, shi ne tushensa. Abin da ya canja shi ne nauyi: sandar zaren kabon ta ƙafa 13 a yau wajen giram 200 take, yini guda za ka yi da ita kafaɗarka ba ta gaya maka ba.

Ga yadda jifan yake aiki, don sai ka gane shi za ka gane dalilin da ya sa na ƙi gajeriyar. Ba a miƙe igiya a iska ta baya kamar yadda ka saba. Ana ɗaga ta ne daga inda ruwa ya gangara da ita, a ajiye bakinta da ƙwaron a kan ruwa kusa da kai, kamar tsawon sanda ɗaya daga inda kake tsaye. Wannan ɗan abin da ya kwanta a ruwa shi ne madogara. Sai a zagayo da sanda ta gefe, sauran igiyar ta yi tumbi a bayan kafaɗa, siffar harafin D. Nauyin wannan tumbi ne yake lanƙwasa sanda, madogara kuma tana riƙe da bakin igiya don kada ya kuɓuce ya tafi cikin itatuwa. Daga nan sai a saki gaba. Duka abin bai cin fili mai yawa a baya, kuma kowane mataki yana da lokacinsa. In ka yi gaggawa madogara ta tsinke daga ruwa, in ka yi jinkiri tumbin ya faɗi ya manne, jifa ya mutu.

To, sandar suwic, mai ƙafa 10 da rabi zuwa 11 da rabi, ba ta da haƙuri da kuskuren lokaci. Gajerta tana nufin motsin hannu kaɗan, kuma komai yana faruwa da sauri, ɗan kuskuren inci biyu a hannu sai ya ɓata jifan gaba ɗaya. Doguwar sanda tana ɗaga igiya daga ruwa cikin sauƙi, tana riƙe tumbin sama da ruwa ko da ka shiga har ƙugu, tana kuma ba ka ɗan sarari ka ji abin da ke faruwa kafin ka saki. Abokinka ya ɗauka gajere shi ne mai sauƙi, kuma da yawa haka suke zato, amma a wannan fanni ba haka abin yake ba. Maganar cewa ana jifa da ita da hannu ɗaya kuwa, gaskiya ce a takarda. Gwada yin sa'a biyu kana wurga sanda mai ƙafa 11 da hannu ɗaya, wuyan hannunka zai ba ka labari. Ban ce suwic ba ta da amfani ba. A ƙaramin kogi mai matsi, a hannun wanda ya riga ya iya jifa, sanda ce mai daɗin aiki. Ta zama ta biyu da za ka saya, idan Allah ya kai mu.

Shi kuma mai ƙafa 15 bai yi maka ƙarya ba, sai dai kogin da yake tunani ba naka ba ne. Irin wannan sanda ta manyan ruwaye ce, kamar kogin Tay a Sikotlan ko Gaula a Norway a farkon kakar kamu, lokacin da ruwa ya cika ya yi sanyi, ake jefa manyan ƙwari masu nauyi da igiya mai nutsewa, kifin kuma na iya haura kilo 10. A kogi mai faɗin mita 30 ba ka buƙatar wannan. Ba ma sai ka tsallaka ruwan da jifa ba. Jifan mita 20 zuwa 25 da ya miƙe tsaf ya fi na mita 30 da ya sauka a cukurkuɗe, don ƙwaro yana fara aiki ne a lokacin da igiya ta miƙe ruwa ya fara jan ta. Ga kuma gajiya: ɗan koyo yana sa ƙarfi fiye da kima, in sandar ta yi masa girma kafin azahar ya gaji, gajiya kuma ita ce uwar munanan ɗabi'un jifa.

Yanzu maganar lamba. Kada lambar da ka sani a sandar hannu ɗaya ta ruɗe ka, ma'aunin ba ɗaya ba ne. Ana auna nauyin igiya da giren, giren 15 da ɗan ɗoriya shi ne giram ɗaya. A ƙa'idar sandar hannu ɗaya, ƙafa 30 na farkon igiya mai lamba 5, irin taka, giren 140 ne, mai lamba 8 kuma giren 210. Amma sandar hannu biyu mai lamba 8 tana ɗaukar kan igiya mai giren 500 zuwa 600, wato ninki biyu da wani abu. Saboda haka in ka ɗora mata igiyar hannu ɗaya mai lamba 8, ko motsi ba za ta yi ba. Na ce maka lamba 8 ne don salmon kake nema. Da a ce kifin sitilhed na bazara ne, wato kifin turawut ɗin nan, ɗan uwan salmon, da ke tafiya teku ya dawo kogunan yammacin Amurka da Kanada, ko ƙananan salmon da suka yi shekara ɗaya kacal a teku, da na ce lamba 7 ta isa. A can ma ƙafa 13 lamba 7 ita ce sandar da aka fi miƙa wa ɗan koyo. In ka ga an rubuta 8136-4 a jikin sanda, ma'anarsa lamba 8, ƙafa 13 da inci 6, gaɓa huɗu. Kamfanonin Turai sukan rubuta lamba biyu, kamar 8/9, su ba da nauyin igiya da giram.

Ka guji sanda mai tauri wadda bakinta kaɗai ke lanƙwasa. Masu talla suna son yabon irinta da cewa tana harba igiya da sauri, kuma haka ne, a hannun gwani. Kai abin da kake buƙata shi ne ka ji nauyin tumbin nan yana jan sanda har cikin mariƙi, don hannunka ya koyi lokacin saki da kansa. Sanda mai matsakaicin laushi ita ke koyar da wannan. Idan an ba ka dama ka gwada kafin saye, ka lura ko kana jin lanƙwasar a tafin hannunka na ƙasa. In ba ka ji komai ba, mayar musu.

Mu zo kan igiya, inda na ce maka nan ne ramin. Igiyar hannu biyu ta zamani ba guda ɗaya ba ce, haɗi ne. Akwai kai, mai kauri da nauyi, shi ke lanƙwasa sanda. A bayansa akwai siririyar igiya mai santsi da kan ke ja ya tafi da ita. A gabansa kuma akwai baki, wanda kan iya zama mai yawo a sama ko mai nutsewa, sannan zaren nailan da ake ɗaura ƙwaro. Kawunan da za ka ji ana ambato iri uku ne.

Na farko shi ne Skagit, da aka sa wa sunan wani kogi a jihar Washinton ta Amurka, inda masu kamun sitilhed na hunturu suka ƙirƙiro shi don jefa manyan ƙwari da baki mai nutsewa. Gajere ne mai kauri, ƙafa 20 zuwa 25 galibi. Ba a amfani da shi sai an haɗa masa baki mai ƙafa 10 zuwa 12. In ka ga T-8, T-11 ko T-14 a jikin baki, lambar tana gaya maka giren nawa ne a kowace ƙafa, wato ƙafa 10 na T-11 giren 110 ke nan, kuma mafi girman lamba shi ya fi saurin nutsewa. Na biyu shi ne Sikandi, salon mutanen Suwidin da Norway, wanda ake dangantawa da Göran Andersson. Ya fi tsawo, ƙafa 30 zuwa 40, yana sirancewa zuwa gaba, yana sauka a ruwa a hankali, ya dace da ƙananan ƙwari a ruwa mai haske. Ga sanda ɗaya, kan Sikandi yakan gaza na Skagit nauyi da ɗan abin da bai kai giren 100 ba. Na uku shi ne dogon kai na gargajiya, ƙafa 55 har 70 da wani abu. Jifansa ya fi kowanne kyan gani, amma ka bar shi tukuna.

Wanne za ka fara da shi? A nan masana sun rabu, ni kuma ga nawa ra'ayin. Skagit shi ne ya fi saurin faranta wa ɗan koyo rai, don nauyinsa a dunƙule yake, kuma ana barin igiya ta kwanta sosai a ruwa kafin a zagayo, ba a gaggawa. Sai dai yana ɓoye kurakurai, mutum ya yi ta jifa da ƙarfin tsiya igiya na tafiya, ya ɗauka ya iya. Tunda salmon za ka nema, idan a lokacin zafi ne da ruwa ya ja baya ake amfani da ƙananan ƙwari, fara da Sikandi, zai gyara maka hannu. Idan ruwa mai sanyi da zurfi za ka shiga, fara da Skagit. Daɗin abin shi ne siririyar igiyar baya guda ɗaya ce, kawunan kuma da madauki ake haɗa su, cikin minti biyu ka canja. Wanda ya sayi kai biyu a kan sanda ɗaya ya fi wanda ya sayi sanda biyu da kai ɗaya. Abin da ba na so ka yi shi ne ƙiyasi. Yawancin kamfanoni suna rubuta iyakar giren da sandarsu ke ɗauka, daga kaza zuwa kaza, a jikinta ko a takardarta, kamfanonin igiya kuma suna da jadawalin da ke nuna wane kai ya dace da wace sanda. Ɗan koyo ya zaɓi wanda ya ɗan karkata zuwa ɓangaren nauyi, zai fi jin sandar.

Kwarkwaron naɗe igiya ba sai mai tsada ba, amma ya zama babba. Naka na lamba 5 ba zai ɗauki ko kan igiyar ba. Kana buƙatar wanda zai ci kai da siririyar igiya da zaren ajiya na aƙalla mita 150, don salmon in ya juya ya bi ruwa ba ya sallama. Nauyinsa ma yana da amfani: shi ke daidaita doguwar sanda don kada bakinta ya riƙa rinjayar hannunka yayin da kake jiran ƙwaro ya zagayo. Ka duba kuma cewa jikinsa a rufe yake ta kowane gefe, in ba haka ba siririyar igiya takan saƙala tsakanin jiki da abin naɗin a daidai lokacin da ba ka so.

Abu biyu ƙanana da suke ceton dukiya da lafiya. Jifan Spey yana murɗa sanda, gaɓoɓinta su riƙa kwancewa a hankali ba ka sani ba, kuma gaɓar da ta saki ita ke tsagewa. Ka goga wa mahaɗin ɗan kakin kyandir, ko ka naɗe shi da tef irin na masu gyaran wuta, ka riƙa dubawa lokaci lokaci. Na biyu, kada ka taɓa jifa ba tabarau da hula. Ƙa'idar ita ce madogara da tumbin igiya su kasance a ɓangaren da iska ke kaɗawa zuwa, ta yadda za ta tura ƙugiya nesa da kai. Shi ya sa dole ka koyi jifa biyu tun farko, ɗaya na lokacin da iska ke bin ruwa, ɗaya na lokacin da take kaɗawa zuwa inda ruwa ke fitowa, kuma ka saba da kowace kafaɗa.

In kuɗinka ƙididdigagge ne, rage daga na sanda ka biya mai koyarwa na rabin yini. Sandunan matsakaicin farashi na yau sun fi ƙarfin abin da ɗan koyo zai iya fitarwa daga cikinsu, kuma wadda wani ya riga ya yi amfani da ita ma ba laifi idan ka duba mahaɗai da zobban igiya babu tsaga. Mai koyarwa zai cire maka ciwon da duk wanda ya fito daga sandar hannu ɗaya yake zuwa da shi, wato tura sanda da hannun sama. A nan hannun ƙasa ne ke aiki, yana jawo gindin sanda zuwa ciki, na sama kusan jagora ne kawai. Atisaye kuma a ruwa ake yi. Ciyawa ba ta riƙe madogara, duk abin da ka koya a filin ƙwallo sai ka sake shi a kogi. Kafin ka je, ka bincika dokar wurin: yawancin kogunan salmon suna buƙatar izini, suna da ranakun buɗewa da rufewa, a Sikotlan ma ba a kamun salmon ranar Lahadi.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Ni mace ce, ba ni da girman jiki, kuma kafaɗata ta dama tana damuna idan na daɗe ina jifa da hannu ɗaya. Turawut nake kamawa a matsakaicin kogi. Sandar hannu biyu za ta yi mini, ko sai mai ƙarfi?

Daga wata mai karatu

AMSA

Malama, za ta yi miki, har ma tana iya zama sauƙi ga kafaɗar, don hannayen biyu suna raba aikin kuma gwiwar hannu ba ta tashi sama. Ba ƙarfi ake sa wa ba, sanda ce ke yin wurgin. Amma amsar da na ba ɗan'uwanmu a sama ba taki ba ce, lamba 8 ta yi wa turawut yawa, ba za ki ji daɗin kifin ba. Akwai ƙananan sandunan hannu biyu da aka yi musamman don turawut, lamba 2 zuwa 5. Ki nemi lamba 4, ki ɗauki mafi tsawon da kika samu a ciki, ƙafa 11 da rabi ko kusa da haka, da ɗan gajeren kan Skagit mai giren 300 ko kewayensa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin sandar. Gaskiya ne gajerta tana ƙara wuyar koyo kamar yadda na faɗa, sai dai kifinki da koginki su suka yanke tsawon, kuma rashin nauyinta zai ba ki damar maimaita jifa da yawa ba gajiya. Ki riƙa ta ki gwada kaurin mariƙin kafin ki saya, wasu an yi su ne don manyan hannaye. Idan ciwon kafaɗar ya ci gaba ko bayan kin canja, ki ajiye sanda ki ga likita.